Ladan Kuturu: Ma'aikacin Kamfanin Shawara Tsakanin Maigidansa Da Jama'a

Akwai wata sana'a da ta bunƙasa a zamanin nan wadda mutanen dā ba su san ta da wannan suna ba, watau sayar wa gwamnati shawara. Hukuma takan ga wani aiki ya gagare ta, ko kuwa ta ga tana bukatar wanda zai sa hannu a kan abin da ta riga ta ƙudurta, sai ta ɗauko kamfani daga waje ta ba shi kwangila. Kamfanin nan ba ya gina hanya, ba ya haƙa rijiya. Abin da yake kawowa shi ne samari da 'yan mata masu ilmi, su zauna cikin ofisoshin hukuma wata da watanni, su duba littattafanta, su yi wa ma'aikatanta tambayoyi, sa'an nan su rubuta mata yadda za ta sake tsarin aikinta. Cikin waɗanda suka fi shahara a wannan fage akwai McKinsey, wanda aka kafa a Amurka cikin 1926, da kuma Bain, wanda aka kafa a birnin Boston cikin 1973. Tambayar da ke gaban wannan fili a makon nan ta shafi ma'aikacin irin wannan kamfani ne. Albashinsa daga hannun kamfani yake fitowa, amma kuɗin daga baitulmalin jama'a aka ɗebo su. To, ran da amfanin kamfani ya saɓa wa amfanin jama'a, amanar wa ke wuyansa?

Kafin a auna laifi ko rashinsa, ya kamata mai karatu ya san irin gidan da wannan ma'aikaci yake zaune a ciki. Daga manyan jami'o'i waɗannan kamfanoni suke zaɓen mutanensu, ba su kuwa ɗaukar kowa sai wanda ya yi fice. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, jiya yana ɗalibi, yau an yanka masa albashin da sau da yawa ya fi na malamin da ya koyar da shi, an sa shi a jirgin sama, an sauke shi a babban masauki, an kai shi gaban babban sakatare mai furfura yana yi masa bayani. Tun ranar farko ana cusa masa cewa shi zaɓaɓɓe ne cikin dubbai. Aikin kuwa ba na rago ba ne, domin sa'a sittin a mako ba abin mamaki ba ne a wurinsu, dare kan raba yana gaban kwamfuta. Tsarin gidan kamar dalar gyaɗa yake: a ƙasa ga tarin ƙananan ma'aikata masu tattara alƙaluma, bisansu ga manajoji, can a ƙoli ga abokan tarayya, waɗanda su ne masu kamfanin, su ke raba riba. Akwai kuma wata ƙa'ida da McKinsey ya yi suna da ita, wadda ta bazu cikin sana'ar, cewa ma'aikaci ko dai ya hau mataki na gaba cikin wa'adin da aka ɗiba masa, ko kuwa a sallame shi cikin ladabi. Wanda ke rubuta rahoto a kan ƙwazonsa shi ne manajan da yake aiki a ƙarƙashinsa. Shi kuma abokin tarayya, babban abin da ke ɗaga darajarsa shi ne yawan cinikin da ya kawo wa gida.

Abin da ya fi waɗannan duka shafar tambayar nan shi ne yadda ake yanka aiki gunduwa-gunduwa. Ƙaramin ma'aikaci ba ya ganin saniya, sai tsokar da aka ɗora masa a faranti. An ce masa ya ƙidaya manajoji nawa ke tsakanin shugaban hukuma da mai karɓar takarda a taga, ya gwada da na waɗansu ƙasashe, ya zana a takarda kafin gari ya waye. Ya yi, ya kuwa yi da kyau. Bai san wanda ya nemi wannan ƙidaya ba, bai san ganawar da aka yi tsakanin maigidansa da masu mulki ba, bai kuma san sunayen mutanen da zanensa zai tayar daga kujerunsu ba. Bayan wannan ga alkawarin riƙe asiri da ya sa wa hannu ran da aka ɗauke shi, wanda saboda shi abokin aikinsa da ke wani rukuni ba ya gaya masa abin da suke yi, shi ma ba ya tambaya. Asalin wannan ƙa'ida mai kyau ne, gama ba wanda zai buɗe wa baƙo littattafansa in ya san gobe za a ji su a kasuwa. Amma bangon da ke kare asirin mai kaya, shi ne kuma ke hana ɗan gida ganin abin da ake dafawa a ɗaki na gaba. In aka haɗa wannan da gajiya da tsoron sallama, sai a sami gida cike da mutane masu kaifin basira waɗanda suka iya amsa kowace irin tambaya, amma an horar da su kada su yi guda ɗaya, watau don me ake wannan aiki.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya isa misali. Hukumar harajin ƙasar, wadda ake kira SARS, an kafa ta da cin gashin kanta cikin 1997, ta kuwa yi suna a duniya wajen iya aiki, musamman zamanin da Pravin Gordhan ya shugabance ta daga 1999 zuwa 2009. Cikin watan Satumba na 2014 Shugaba Jacob Zuma ya naɗa Tom Moyane ya riƙe ta. Ba da daɗewa ba aka ba Bain kwangilar duba tsarin hukumar. Aikin mako shida aka ce da farko, amma aka yi ta tsawaita shi ba tare da an sake buɗe takara ba, har ya kai wata 27, kuɗinsa suka haura Rand miliyan 160. Sabon tsarin da aka fito da shi ya wargaza sashen da ke kula da harajin manyan kamfanoni, ya kuma rarraba sassan da ke bin sawun masu fasa-ƙwauri da masu ɓoye dukiya. Manajoji wajen 200 aka tayar daga muƙamansu, da yawansu aka ajiye su a kujerun da ba su da aiki, mutanen da suka yi shekaru suna gina hukumar suka wayi gari suna zuwa ofis su zauna har la'asar su koma gida. Ƙwararru da yawa suka ajiye aiki suka tafi.

Sai daga baya aka san abin da ƙananan ma'aikata ba su gani ba. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Robert Nugent, wanda ya ba da rahotonsa cikin Disamba 2018, da babban kwamitin Mai Shari'a Raymond Zondo, wanda ya fara fitar da nasa cikin Janairu 2022, sun gano cewa shugaban Bain na ƙasar, Vittorio Massone, ya daɗe yana ganawa da Moyane tun kafin a naɗa shi, har kamfanin ya shirya masa takardar abin da zai yi cikin kwana ɗari na farko a hukumar da bai riga ya shiga ba. Rahoton Zondo ya ce Massone ya gana da Shugaba Zuma sau 17 tsakanin 2012 da 2014. Watau an rubuta magani tun ba a ga majinyaci ba, binciken da aka aiko samari su yi kuwa ya zama kamar shaida ce kawai ake nema. Massone ya ba da bahasi gaban Nugent cikin 2018, sa'an nan ya tafi Italiya bisa dalilin rashin lafiya, bai sake bayyana gaban kwamitin ba. Shi dai Bain ya amsa cewa ya yi manyan kurakurai, ya mayar da kuɗin da aka biya shi har da ƙari, jimla Rand miliyan 217, amma ya musanta cewa da gangan ya cutar da hukumar, ya ce an yi amfani da shi ne ba da saninsa ba.

Kada a ɗora wa kamfani kaɗai, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a shiga hukuma sai na ciki ya buɗe ƙofa. Kada kuma a ce duk asarar da ƙasar ta yi daga nan ta fito, gama tattalin arzikinta ma ya yi rauni a shekarun nan. Amma ga abin da ba a gardama a kansa: a shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018 harajin da aka tara ya gaza abin da aka yi tsammani da wajen Rand biliyan 48, ran 1 ga Afrilu 2018 kuma aka ƙara harajin saye da sayarwa daga kashi 14 cikin ɗari zuwa 15, karo na farko tun 1993. Wannan haraji ba ya bambanta attajiri da matalauci. Tsohuwar da ta je kanti sayen sabulu a Soweto ta biya rabonta, alhali kuwa ba ta taɓa jin sunan Bain ba.

Malaman dā sun san hatsarin sa ɗan kasuwa tsakanin hukuma da talakawa. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu cikin 798, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafi a kan haraji, a ciki ya shawarce shi da ya daina ba da kwangilar tara haraji ga mutanen da za su biya baitulmali wani adadi sa'an nan su je su karɓa daga manoma. Dalilinsa shi ne irin wannan mutum ribarsa ce a gabansa, ba ya damuwa da halakar talakawa muddin cinikinsa ya fita. Gaskiya ne kamfanin shawara ba ya karɓar haraji da hannunsa, amma ciwon ɗaya ne. Wanda arzikinsa ya rataya ga tsawaita kwangila, hankalinsa zai karkata ga faranta ran mai sa hannu a kwangilar, shi kuwa mai sa hannu wakili ne kurum, ba shi ne mai kuɗin ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan bafaden haya aka ɗauko, ana biyansa da kuɗin waɗanda shawararsa za ta cuta.

To, ina matsayin yaron da ya zana takarda? Mutane da yawa za su ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: an ɗauke shi aiki, an biya shi, ya yi abin da aka sa shi, sauran kuwa tsakanin manya ne. Maganar tana da ƙarfi, ba a kuwa yar da ita haka kawai. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda aka yi ijara da shi, lokacinsa da ƙwazonsa haƙƙin wanda ya ɗauke shi ne, abin da aka damƙa masa kuma amana ce a hannunsa. Ma'aikacin da zai riƙa tuhumar kowane umurni, ya tsaya sai an gamsar da shi kafin ya ɗaga alƙalami, ba zai yi wa kowa amfani ba. Amma malaman nan sun kuma sharɗanta cewa aikin da aka yi ijara dominsa ya zama halal a kansa, babu kuma biyayya ga wani mahaluki cikin abin da yake zalunci ne. Aski aka ce a yi wa kuturu. In ya miƙo askar ya ce a yanke masa aljihun maƙwabci, ladan da aka ci bai kai nan ba.

Wahalar ita ce yaron nan ba a ce masa ya yanki aljihun kowa ba, ƙidaya aka ce ya yi. A nan ne maganganun magabata suka rabu biyu, kowace kuwa da wurinta. Ana ba da labarin wani tela da ya tambayi wani babban malami, ya ce shi yana ɗinka wa sarakuna azzalumai tufafi, ko yana cikin mataimakan azzalumai? Malamin ya amsa masa cewa mataimakan su ne masu sayar masa da allura da zare, shi kam yana cikin azzaluman kansu. Wannan magana ce mai zafi, an yi ta ne don a girgiza mai neman mafaka a cikin ƙanƙantar aikinsa. A ɗaya gefen kuma akwai fatawar Ibn Taimiyya, wanda ya rasu cikin 1328. An tambaye shi game da mutumin da ke riƙe da wani yanki da masu mulki suka ɗora wa haraji na zalunci, yana iyakar ƙoƙarinsa ya rage, ya kuwa san in ya sauka wanda zai gaje shi ƙarawa zai yi. Ya amsa cewa babu laifi a kansa ya zauna, zamansa ma ya fi tafiyarsa alheri. Wanda ya riƙe labarin tela kaɗai zai hallaka kowane akawu da kowane direba. Wanda kuma ya riƙe fatawar nan kaɗai zai ba kowane mai kwaɗayi hujjar zama, domin ba a rasa mai cewa da ba don shi ba da abin ya fi haka muni.

Abin da ke raba tsakani shi ne sani, da kuma abin da mutum ya yi da saninsa. Telan nan ya san wanda yake yi wa ɗinki. Mutumin Ibn Taimiyya kuma ya san zaluncin, yana kuwa rage shi a zahiri, rangwamen da talakawa ke gani a aljihunsu. Ƙaramin ma'aikacin da aka ba ƙidaya, bai ga wata alama ba, ya yi aikinsa da gaskiya, ba a ɗora masa nauyin ganawar da aka yi a bayan idonsa. Amma rashin sani iri biyu ne. Akwai wanda ya sami mutum, akwai kuma wanda mutum ya nema da kansa. In ma'aikaci ya ga an rubuta sakamakon bincike tun ba a gama binciken ba, ya ga an hana shi zuwa wurin tsofaffin ma'aikatan da suka fi kowa sanin aikin, ya ga duk alƙalumman da ba su dace da abin da ake so ba ana ajiye su gefe, sa'an nan ya ce a ransa gara kada ya tambaya don kada ya ji abin da zai hana shi barci, to wannan ya riga ya sani gwargwadon abin da zai sa a tambaye shi. Ya sayi jahilcinsa ne da kuɗin ƙarin girma. Mugun abin da al'adar irin wannan gida take yi wa mutum ke nan: ba ta cewa ya yi ƙarya, sai dai ta sa rashin tambaya ya zama alamar wayewa da iya zama da manya.

Ba kuwa za a ce ba a iya tambaya a irin wannan wuri ba, domin an yi. Cikin takardun da suka je gaban Zondo akwai wasiƙun cikin gida game da wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Ambrobrite, na masu shirya wasanni da bukukuwa, wanda Bain ya riƙa biya miliyoyin Rand a shekara, ta hanyarsa kuma aka sami shiga wurin shugaban ƙasa. Waɗansu ma'aikatan Bain, har da masu kula da sha'anin kuɗi, sun rubuta cewa abin bai kwanta musu ba. Aka ji su, aka ci gaba. Waɗannan ba su hana komai ba a lokacin, amma sun sauke wani abu daga wuyansu, rubutunsu kuma ya zama hujja bayan shekaru, ya toshe bakin mai cewa ba wanda ya lura. Wannan ya nuna kuma inda nauyi mafi girma ya sauka, watau a kan waɗanda aka faɗa wa suka kau da kai.

Sauran magana ita ce ta alkawarin riƙe asiri, wadda ita ce ta fi ɗaure masu tsoron cin amana. Mutumin kirki yakan ji cewa fitar da takardar maigidansa waje ha'inci ne, ko da kuwa abin da ke cikinta mummuna ne. Mosilo Mothepu ta fuskanci wannan. Ita babbar ma'aikaciya ce a kamfanin Trillian, wanda ke da alaƙa da mutanen gidan Gupta, wanda kuma ya yi aiki tare da McKinsey a hukumar lantarki ta Eskom, aka biya shi wajen Rand miliyan 600 alhali ba shi da kwangila da hukumar. Ta shaida cewa cikin Oktoba 2015 maigidanta ya gaya mata za a sauke ministan kuɗi Nhlanhla Nene, aka kuwa sauke shi ran 9 ga Disamba na shekarar. Kamfani mai neman kwangila ya san da faɗuwar minista kafin majalisa ta sani! Ta ajiye aiki cikin 2016, ta kai bayaninta ofishin Mai Kare Haƙƙin Jama'a, Thuli Madonsela. Sakamakon da ta samu shi ne kamfanin ya kai ƙararta wurin 'yan sanda bisa zargin satar bayanai da karya alkawarin asiri, ta yi wajen shekara biyu ba wanda ya ɗauke ta aiki.

Shin ta ci amana? Alkawarin asiri an yi shi ne don kare abin da mai shi ke da haƙƙin ɓoyewa, kamar farashinsa da dabarun sana'arsa da al'amuran waɗanda yake yi wa aiki. Ba wanda ke da haƙƙin ɓoye ɓarnar da yake yi wa dukiyar wani, saboda haka ba zai iya ɗaura wa ma'aikacinsa alkawari a kan abin da shi kansa bai mallaka ba. Mai gadin da ya ga maigidansa yana haura katangar maƙwabci, shirunsa ba riƙon amana ba ne. Ƙarshen Surar Baƙara ya yi hani mai tsanani ga ɓoye shaida, Imam Nawawi kuma, wanda ya rasu cikin 1277, da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, ya sa kai ƙarar zalunci gaban mai iko da neman taimako don kawar da ɓarna a cikinsu. Sai dai a lura da inda Mothepu ta kai maganarta: ofishin da tsarin mulkin ƙasar ya kafa don wannan aiki. Akwai bambanci tsakanin mai kai shaida inda za a yi hukunci da ita, da mai watsa takardun mutane don huce haushi ko neman suna, ko da abin da suka fallasa iri ɗaya ne.

Labarin Athol Williams ya fi wannan sarƙaƙiya, domin shi kamfanin ne da kansa ya kira shi. Ɗan Afirka ta Kudu ne, tsohon ma'aikacin Bain, a lokacin yana koyar da ɗa'ar kasuwanci a Jami'ar Cape Town. Cikin 2018, da asiri ya fara tonuwa, Bain ya roƙe shi ya sa ido a kan binciken da lauyoyi ke yi wa kamfanin, cikin 2019 kuma ya mai da shi abokin tarayya. Ga mutum a matsayin da fatawar Ibn Taimiyya ta yi magana a kai, ya shiga don ya gyara daga ciki. Bayan 'yan watanni ya ajiye aikin, ya ce ya gane sunansa ake so a jingina da shi, ba a nufin bayyana wa hukuma dukan gaskiya. A cewarsa an yi masa tayin kuɗi don ya yi shiru, ya ƙi. Bain bai yarda da yadda ya ba da labarin ba. Cikin Maris 2021 ya ba da shaida gaban Zondo tare da ɗimbin takardu, kwamitin kuwa ya karɓi shaidarsa ya yaba masa. Abin lura a nan shi ne hujjar zama don gyara tana da wa'adi. Ranar da mutum ya tabbata zamansa ba ya rage komai, sai ma ya zama mayafin da ake rufe ɓarna da shi, hujjar ta faɗi, abin da ya rage albashi ne kawai.

Ran 23 ga Agusta 2021 aka harbe Babita Deokaran a ƙofar gidanta a Johannesburg. Ita ma'aikaciyar gwamnati ce a sashen lafiya na lardin Gauteng, ta ja hankalin manyanta ga waɗansu biye-biyen kuɗi masu shakka a asibitin Tembisa. Cikin Nuwamba na shekarar Williams ya bar ƙasar, ya ce yana tsoron ransa. Ƙasar tana da dokar kare masu tona ɓarna tun shekarar 2000, amma Zondo da kansa ya ce ba ta wadatar ba, ya nemi a ƙarfafa ta.

Saboda haka ba daidai ba ne wanda ke zaune lafiya a gidansa ya wajabta wa kowane ma'aikaci ya zama Williams ko Mothepu. Mai 'ya'ya a makaranta da iyaye a wuyansa, wanda ya ga abin da ya sami waɗannan, in ya ji tsoro ba a kira shi munafuki. Ba a kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma tsakanin fita fili da zama cikin ɓarna akwai fage mai faɗi wanda tsoro ba ya zama uzuri a cikinsa. Mutum yana iya ƙin sa hannu a kan alƙalumman da ya san an murɗe. Yana iya rubuta damuwarsa ga na gaba da shi ya ajiye kwafi, ko ya nemi a canja masa rukuni, ko ya nemi aiki wani wuri a hankali. In an kira shi gaban alƙali kuma, ba shi da hanyar cewa bai gani ba. Akwai kuma wani abu ƙarami wanda yawancin mutane ke faɗuwa a kansa, watau yadda suke yi da abokin aikin da ya yi magana. Da Williams da Mothepu duk sun ba da labarin yadda aka guje su, ƙofofin aiki suka rufe. Masu gudun nan ba su saci ko kwabo ba, cewa kawai suke tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma da wannan gudu ne gidan ke koya wa yaran da ke ƙasan dala abin da zai sami mai tambaya, darasin kuwa ya fi duk wanda aka rubuta cikin littafin ɗa'ar kamfani shiga kai.

Su kamfanonin, hukuncinsu ya zo ta hanyar kuɗi. McKinsey ya mayar wa Eskom Rand miliyan 902 cikin Yuli 2018, shugabansa na duniya a lokacin, Kevin Sneader, ya je Johannesburg ya nemi gafara. Cikin Disamba 2024 reshensa na Afirka ya yarda ya biya fiye da Dala miliyan 122 don kashe tuhumar cin hanci da hukumomin Amurka da na Afirka ta Kudu suka yi masa, wani tsohon babban abokin tarayyarsa, Vikas Sagar, ya amsa laifi gaban kotu a Amurka. Cikin Agusta 2022 gwamnatin Ingila ta hana Bain kwangilolinta har shekara uku, sa'an nan ta janye hanin cikin Maris 2023. Baitulmalin Afirka ta Kudu kuma cikin Satumba 2022 ya hana shi aikin gwamnati har shekara goma. Shi Moyane, Shugaba Cyril Ramaphosa ya sallame shi cikin Nuwamba 2018, shugabannin da suka biyo bayansa kuma suka sake kafa sashen manyan kamfanoni da aka rushe.